Ciwon ƙoda na IgA: me ya haɗa maƙogwaro da ƙoda har ake son cire wa ƙanena tonsil?

Malam Habu:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar likitocin da ke wannan zaure. Ƙanena yana karatun digiri na uku a Japan, shekarunsa 29. A watan da ya gabata ya yi zazzabi da ciwon maƙogwaro, kwana biyu da farawar ciwon sai ya ga fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi. Ya aiko mini da hoton kwalbar da ya zuba fitsarin, kuma da ban san abin da ke ciki ba, da na ce shayi ne da ya huce. An kwantar da shi a asibiti, an soka allura ta bayansa an ɗebo ɗan tsokan ƙoda an duba, aka ce yana da ciwon ƙoda na IgA. Maganin da suka ba da shawara shi ne a yi masa tiyata a cire tonsil ɗinsa duka biyu, sannan a yi masa ƙarin ruwa na sitirod mai ƙarfi, wato maganin danne kumburi da garkuwar jiki. Mahaifiyarmu ta ƙi amincewa, tana cewa ƙoda ce ke ciwo, don me za a yanka masa wuya. Ni ma ban ga alaƙar ba.

Hajiya Inna:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Amma ɗana Habu, ai an cire masa belu tun yana jariri, ko ba haka ba? A zamaninmu ba a wuce ranar suna wanzami bai cire ba. Kuma fitsarin jini a wurinmu tsargiya ce, yaran da ke wanka a kududdufi duk sun san ta.

Dakta Lawal:
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Belu daban, tonsil daban. Belu shi ne ɗan naman da ke reto a tsakiyar ganɗa, wanda wanzami ke yankewa. Tonsil kuwa kumburarrun nama ne guda biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu a ƙofar maƙogwaro, wasu na ce musu 'yan wuya. Idan mutum ya buɗe baki ya ce "aa" aka haska tocila, za a gan su kamar ƙwayar dabino da aka danna cikin bango, fuskarsu cike da ƙananan ramuka. A cikin ramukan nan ne ragowar abinci da ƙwayoyin cuta ke maƙalewa, kuma a nan ne ƙwayoyin garkuwar jiki ke koyon gane abokan gaba. Cire belu ba ya taɓa tonsil, kuma ba shi da wani amfani ga ƙoda. Maganar tsargiya kuwa zan bar wa Dakta Rabi, tunda ƙoda fanninta ce.

Dakta Rabi:
Malam Habu, sannu da fargaba. Tambayar mahaifiyarku tambaya ce mai kyau, domin likitocin ƙoda na duniya sun shafe shekaru suna gardama a kanta.

Hajiya ta yi daidai da ta tuno da tsargiya, domin a ƙasar Hausa ita ce abin da ake fara zargi idan matashi ya yi fitsarin jini. Sai dai jinin tsargiya daga mafitsara yake fitowa, yawanci ja ne, kuma a ƙarshen fitsari ake ganinsa. Jinin da ya fito daga matatun ƙoda yana gauraye da fitsarin tun daga farko har ƙarshe, kuma yakan yi duhu kamar shayi, daidai da abin da Malam Habu ya gani a hoto. Tunda an riga an duba tsokar ƙodar an ga IgA a cikinta, an wuce matakin zato.

Wasu likitoci biyu a birnin Faris, Jean Berger da Nicole Hinglais, su ne suka fara bayyana wannan ciwo a 1968, shi ya sa wasu ke kiransa ciwon Berger. IgA wani sinadarin garkuwa ne da jiki ke yi don tsaron wuraren da ke da danshi kuma suke cuɗanya da abin da ke shigowa daga waje, wato hanci, maƙogwaro da hanji. A jikin nau'in da ake kira IgA1 akwai wani gurbi kamar wuya, inda ake liƙa masa sarƙoƙin sukari. A masu wannan ciwo, wani kaso na IgA1 yana fitowa babu isasshen sukarin da ake kira galaktos a wannan gurbi. Jiki sai ya ɗauki wannan nakasasshen IgA a matsayin baƙo, ya ƙera wasu sinadaran garkuwa su kama shi, su dunƙule wuri guda, jini ya kwashe dunƙulen ya kai ƙoda, su maƙale a cikin matatun da ke tace jini. Daga nan kumburi ya tashi, matatar ta fara yoyon jini da furotin, a hankali tabo ya maye gurbin lafiyayyen nama. Masu bincike na Jami'ar Alabama da ke Birmingham a Amurka tare da abokan aikinsu ne suka tsara wannan bayani mataki huɗu a 2011.

Babbar shaidar cewa tushen ciwon ba a cikin ƙodar yake ba ita ce dashen ƙoda. Idan aka dasa wa mai wannan ciwo lafiyayyar ƙoda, sau da yawa IgA yakan sake taruwa a sabuwar. Idan kuma aka ɗauki ƙodar da ke da IgA a cikinta aka dasa wa wanda ba shi da ciwon, IgA ɗin yakan wanke ya ɓace. Saboda haka tambayar ta koma: a ina ake ƙera wannan nakasasshen IgA? Likitocin Japan da yawa suka nuna maƙogwaro, dalilinsu na farko kuwa shi ne abin da ya faru da ƙanenka, fitsarin jini kwana ɗaya zuwa uku da fara ciwon wuya.

Sadiq:
Malama, ina aji biyar a makarantar likitanci. An koya mana cewa kumburin ƙoda bayan ciwon maƙogwaro na ƙwayar sitireftokokas ne. Ta yaya ake bambanta su tun kafin a ɗebo tsoka?

Dakta Rabi:
Da lokaci, Sadiq. Wanda ke biyo bayan sitireftokokas yana jira mako ɗaya zuwa uku bayan ciwon wuya, ko fiye da haka idan ta ƙurajen fata ya shigo, ya fi kama yara, yana zuwa da kumburin fuska da hawan jini, wani sinadarin garkuwa mai suna C3 yana sauka a jini, kuma yawanci yana warkewa. Na IgA yana tafiya tare da ciwon wuyan, C3 a jini yawanci daidai yake, kuma yakan komo idan mura ta kama mutum. A asibitocinmu na sitireftokokas ɗin za ka fi gani nesa ba kusa ba.

Dakta Lawal:
Bari in ƙara abin da aka gano a cikin tonsil ɗin da aka cire wa masu wannan ciwo, tunda shi ne ginshiƙin hujjar Japanawa. An ga cewa ƙwayoyin da ke ƙera IgA sun fi yawa a cikinsu idan aka gwada da tonsil ɗin masu ciwon wuya zalla. An kuma ga yawaitar wani sinadari mai suna APRIL, wanda ke zuga ƙwayoyin garkuwa su riƙa ƙera IgA kuma ya tsawaita rayuwarsu, da wani mai gadi da ake kira TLR9 wanda ke farkawa idan ya ci karo da ƙwayar halittar bakteriya. Rukunin Yusuke Suzuki na Jami'ar Juntendo a Tokiyo ya yi aiki mai yawa a kan wannan. Tun a 1994 ma wasu masu bincike na Japan suka ba da rahoton ganin ɓurɓushin wata bakteriyar maƙogwaro, Haemophilus parainfluenzae, a cikin matatun ƙodar marasa lafiyan. Akwai kuma ra'ayin cewa ƙwayoyin da suka yi mummunan horo a tonsil suna ƙaura su zauna a ɓargo su ci gaba da aikinsu daga can, wanda zai iya bayyana dalilin da ya sa tiyatar ta fi tasiri idan aka yi ta da wuri.

Ni dai a matsayina na likitan kunne, hanci da maƙogwaro, ina ganin hujjar tana da ƙarfi. Idan rijiya ce ke gurɓata ruwan gari, rufe ta ya fi a yi ta tace ruwan.

Dakta Rabi:
Dakta Lawal, matsalar ita ce rijiyar ba ɗaya ba ce. Mafi yawan IgA na jikin ɗan Adam a hanji ake ƙera shi, kuma ko a maƙogwaron ma akwai sauran nama irin na tonsil a bayan hanci da gindin harshe da ba a cirewa. Mu duba abin da aka gani a jikin marasa lafiya.

Osamu Hotta, wani likitan ƙoda a birnin Sendai, shi ne ya yaɗa wannan hanya. A 2001 ya wallafa sakamakon marasa lafiya 329, inda ya nuna cewa cire tonsil da ƙarin ruwan sitirod suna da alaƙa da ɓacewar jini da furotin daga fitsari. A 2003 wani bincike daga Niigata ya bibiyi mutum 118 na tsawon lokaci, ya ga ƙodar waɗanda aka yi wa tiyatar ta fi daɗewa tana aiki. A 2019 wani babban bincike na asibitocin Japan da ya ƙunshi mutum 1,065, waɗanda 252 daga cikinsu aka cire musu tonsil, ya sake nuna haka. Amma duk waɗannan waiwaye ne a kan abin da ya riga ya faru. Likita ne ya zaɓi wanda za a yi wa tiyata, kuma likita yakan zaɓi matashi mai sauran ƙarfin ƙoda, wanda da ma shi ne zai fi daɗewa.

Gwajin da ke raba gardama shi ne wanda ake jefa ƙuri'a a raba marasa lafiya gida biyu. Tetsuya Kawamura da abokan aikinsa sun yi irinsa a Japan, aka wallafa a 2014, da mutum 72. Gida ɗaya aka yi musu tiyata da sitirod, ɗaya gidan sitirod kaɗai. Bayan shekara guda furotin ya fi raguwa a fitsarin waɗanda aka yi wa tiyata, amma yawan waɗanda jini da furotin suka ɓace musu gaba ɗaya bai bambanta ba ta yadda za a dogara da shi. A Turai kuwa, binciken VALIGA da ya tattara mutum 1,147 daga ƙasashe 13 ya sami 61 da aka cire wa tonsil, kuma bai ga wata fa'ida ba. Shi ya sa ƙa'idojin KDIGO na 2021, waɗanda su ne jagorar likitocin ƙoda na duniya a lokacin, suka ce kada a yi wa Turawa wannan tiyata a matsayin maganin ciwon, tare da ambaton cewa rahotannin Japan sun nuna amfani a can.

Malam Habu:
Dakta, Allah ya saka da alheri. To amma ƙanena ba Bajapane ba ne, ba kuma Bature ba. A wane gida za a sa shi?

Dakta Rabi:
Ka taɓo inda gizo ke saƙar. Wannan ciwo ya fi yawa a gabashin Asiya, yana da matsakaicin yawa a Turai, kuma ba a cika samunsa a baƙar fata ba, ko a Afirka ko a Amurka. Binciken ƙwayoyin gado da rukunin Ali Gharavi da Krzysztof Kiryluk na Jami'ar Columbia suka yi ya nuna cewa nau'o'in gadon da ke ƙara haɗarin ciwon sun fi yawa a Asiya, sun fi ƙaranci a Afirka. Wani ɓangare na bambancin kuma na ganowa ne. Japan tana auna fitsarin 'yan makaranta kowace shekara tun 1974, ana kuma auna na ma'aikata, saboda haka suna kama ciwon tun yana ɗanye, mu kuwa mutum yakan zo mana ne ƙodar ta riga ta motse, lokacin da ɗebo tsoka ba shi da sauran amfani. Manyan binciken tiyatar tonsil a kan Japanawa, Sinawa da Turawa aka yi su.

Saboda haka a wurin ƙanenka, abin da ke jikinsa ne zai yi hukunci. Idan mutum ne da ke yawan ciwon tonsil, sau da yawa a shekara, kuma kowane karo fitsarin ya canja launi, to yana da dalilin tiyata ko da ba a yi maganar ƙoda ba, kuma ni ba zan hana ba. Idan wannan ne karo na farko, furotin ɗin kaɗan ne, ƙarfin ƙodar kuma daidai yake, ina da ja.

Malam Habu:
Tun yana sakandare yake fama da ciwon wuya, kusan duk lokacin hunturu sai ya kwanta. Na tambaye shi yanzu, ya ce furotin ɗin giram 1.2 ne a rana, kuma sun ce ƙarfin ƙodar bai ragu ba tukuna.

Dakta Lawal:
To ka ga wannan shi ne irin majinyacin da Japanawa ke cewa ya fi amfana: matashi, ƙoda da sauran ƙarfinta, tonsil mai yawan ciwo. A can hanyar ta zama ruwan dare har suna da gajeren suna da suke kiranta da shi, henteki parusu, wato cire tonsil da sitirod na ƙarin ruwa.

Game da tiyatar kanta, ana sa mutum barci gaba ɗaya, ta baki ake shiga, babu yanka a fatar wuya, wannan a gaya wa Mama. Ga babba ta fi zafi fiye da yaro, haɗiye ko da yawu ne yakan zama aiki har kusan mako biyu. Haɗarin da muke tsoro shi ne zubar jini, musamman tsakanin kwana na biyar da na goma lokacin da farin ɓawon da ya rufe wurin ke faɗuwa, kuma kaɗan daga cikin marasa lafiya sai an koma da su ɗakin tiyata an tsayar da jinin. Garkuwar jikin babba ba ta raunana don an cire tonsil, sauran sassan suna riƙe aikin.

Ina kuma roƙon duk mai karanta wannan zance kada ya ɗauka cewa an ce yankan wuya yana maganin ƙoda. Ina ganin yaran da ake kawowa bayan an yi musu yankan gargajiya a maƙogwaro, wasu jini ya ƙi tsayawa, wasu wurin ya ruɓe, wasu da sandarewar jiki ta tetanus. Jijiyar jini babba ce ke wucewa kusa da tonsil.

Nas Ummi:
Ni abin da ya fi damuna shi ne sitirod ɗin. Na yi jinyar wata baiwar Allah da ta sha shi wata shida, fuskarta ta zama kamar faranti, sukarinta ya hau, daga baya ƙugunta ya fara ciwo har tana ɗingishi. Dakta, wane irin yawa ake bayarwa a wannan tsarin?

Dakta Rabi:
Damuwarki a wurinta take, Ummi. A tsarin Hotta ana ba da sitirod mai suna metilfirednisolon rabin giram ta jijiya kwana uku a jere, a maimaita mako uku, sannan a ci gaba da ƙwaya ana ragewa har kusan shekara. Akwai kuma tsarin Claudio Pozzi na Italiya na 1999, giram ɗaya kwana uku a wata na ɗaya, na uku da na biyar, da ƙwaya kwana ɗaya bayan ɗaya har wata shida. Gwajin STOP-IgAN na Jamus a 2015 ya nuna cewa idan aka kula da hawan jini da furotin yadda ya kamata, ƙara magungunan danne garkuwa bai hana ƙoda raguwa ba, sai ƙarin illa. Gwajin TESTING, wanda mafi yawan mutanensa 'yan Sin ne, an dakatar da shi da farko saboda munanan cututtuka da suka kama masu shan cikakken adadi, har wasu suka rasu. Da aka rage adadin aka haɗa da maganin rigakafin ciwon huhu, sakamakon 2022 ya nuna sitirod yana kare ƙoda kuma illar ta ragu.

Ga wanda ya tashi a ƙasarmu akwai abubuwan da dole a duba kafin a fara, waɗanda likitan Japan ba lallai su zo masa a rai nan take ba. A duba tarin fuka mai kwanciya, a duba ciwon hanta nau'in B, a duba tsutsar hanji ta Strongyloides wadda sitirod ke iya sa ta bazu a jiki, kuma ya faɗa musu rukunin jininsa na sikila, domin sitirod yana iya tayar da ciwon sikilar ga mai SS ko SC, kuma ko mai AS yakan yi fitsarin jini wani lokaci.

Sadiq:
Malama, na karanta cewa akwai wani magani da ke aiki a hanji. Idan yana aiki, ba ya rushe maganar tonsil ɗin ke nan?

Dakta Rabi:
Bai rushe ta ba, ya dai nuna cewa tonsil ba ita kaɗai ba ce. Maganin budesonid ne da aka lulluɓe shi yadda ba zai narke ba sai ya isa ƙarshen ƙaramin hanji, inda tarin ƙwayoyin garkuwa na Peyer suke. Ana shan miligiram 16 kullum wata tara, yana rage furotin, yana kuma rage saurin lalacewar ƙoda, kuma hukumar magunguna ta Amurka ta fara amincewa da shi a Disamba 2021 da sunan Tarpeyo. Turawa sun bi ta hanji, Japanawa sun bi ta maƙogwaro, dukansu suna neman rage nakasasshen IgA daga inda ake ƙera shi. Sababbin allurai irin su sibeprenlimab suna toshe APRIL ɗin da Dakta Lawal ya ambata a duk inda yake a jiki, kuma sun rage furotin sosai a gwaji. Ni ina zaton su ne za su rage yawan tiyatar nan a gaba, idan tsadarsu ta sauka.

Malam Habu, ko an yi tiyata ko ba a yi ba, akwai abin da ba a gardama a kansa. Ya riƙa shan maganin hawan jini irin losatan ko lisinofiril ko da jininsa bai hau ba, domin suna rage yoyon furotin. Ya rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a rana, kuma a inda yake wannan na nufin ya yi hattara da miyar miso da ruwan soya, da kuma dunƙulen magi da yajin da kuke aika masa daga gida. Ya nisanci ibufurofen da dikulofenak, ko bayan tiyatar ma a ba shi wani maganin zafin daban. Burin shi ne furotin ya sauka ƙasa da rabin giram a rana. Ciwon yana tafiya a hankali, amma wani kaso mai yawa na masu shi kan kai ga wankin ƙoda cikin shekara 20, kuma furotin ɗin da ya daɗe sama da giram ɗaya shi ne babbar alamar haɗari.

Hajiya Inna:
Na gane yanzu, ashe ba belu ba ne. Habu, ka ce wa mahaifiyarka ina gaishe ta, ta kwantar da hankalinta. Amma kuɗin asibiti a ƙasar mutane fa?

Malam Habu:
Za ta ji, Hajiya, na gode. Yana cikin inshorar lafiya ta ƙasar, wadda ke biyan kashi 70 cikin 100, kuma ya ce ciwon yana cikin jerin cututtuka masu wuyar magani da gwamnatin Japan ke ba da ƙarin tallafi a kansu, an ba shi takardun da zai cika.

Dakta Rabi, na tura masa duk abin da kika rubuta. Ya ce sun riga sun ɗora shi a kan losatan, sun duba hanta da tarin fuka, amma ba a yi maganar tsutsar hanji ba, kuma shi AS ne bai faɗa musu ba. Zai ga likitansa ranar Alhamis. Akwai wani abu da zai nema a rubuto masa?

Dakta Rabi:
Ya nemi kwafin rahoton tsokar ƙodar, musamman makin Oxford da ake rubutawa da haruffa biyar, MEST-C. Ina so in ga T, wanda ke nuna yawan tabon da ya riga ya zauna, da E da C, waɗanda ke nuna kumburin da ke ci yanzu. Idan T sifili ne kuma akwai E ko C, to akwai abin da sitirod zai kashe, kuma da tarihin ciwon wuyansa zan goyi bayan shawarar likitocinsa. Idan tabo ya yi yawa, fa'idar tiyatar da sitirod ɗin ta ragu, sai mu sake zama. Ka turo mini rahoton ta akwatin sirri, kada ka sa shi a nan, tunda sunansa na jiki.